Munzali da Goran Masunta

Ku yaran yanzu, ido ba ya isar ku, sai hannu ya taɓa! A ce ku bari, ku ce ai wasa ne. To, ku zauna ku ji abin da wasa ya jawo wa Munzali.

Ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba, Malama Asiya ta kwashi 'yan ajinta, har da Munzali, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu. Za su ga tsohon gidan sarakuna da aka mayar gidan tarihi.

A bakin ƙofa suka tarar da Baba Tamba, tsohon da ke kula da gidan.

Ya ce, "Ku tuɓe takalma, akwai kaburbura cikin wanga gida. Kallo da ido, ban da hannu."

Suka ga masu da garkuwoyi. Suka shiga ɗakin kayan kamun kifi. A kusurwa ga wani ƙaton gora, ya yi baƙi don tsufa.

Hodi, ɗan ajinsu, ubansa masunci ne. Ya ce, "Bisa irin wanga gora baba ke kwanciya da ciki, yana iyo. In ya kama kifi ya jefa ciki."

Munzali ya ce, "Ƙarya! Gora ya ɗauki ƙato?"

"Kai da ko kududdufi ba ka taɓa shiga ba, mi ka sani?"

Yara suka kwashe da dariya. Abin ya ci wa Munzali rai.

Da aka wuce gaba, ya tsaya baya. Ya duba, ba kowa. Ya rungumi goran, ya ɗora cikinsa, ya ɗaga ƙafafu.

Ƙaras! Gora ya tsage tun daga baki har gindi.

Munzali ya miƙe da sauri. Ya juya tsagar ta fuskanci bango, ya sulale cikin 'yan uwansa.

Suna saka takalma ke nan, sai ga Baba Tamba rungume da goran. Ya ajiye shi a hankali, ya tura ƙyaure.

"Babu mai fita. Wa ya yi wanga aiki?"

Ɗaya bayan ɗaya, idanu suka koma kan Hodi. Ai shi ya yi maganar hawan gora.

Malama Asiya ta ce, "Hodi, fito."

"Wallahi Malama ba ni ba ne!"

"Ka ɓata, ka kuma rantse? Gobe sai gaban Hedimasta. Ka san mai rantsuwar ƙarya ba ya zama makarantarmu."

Hodi ya fashe da kuka. Munzali ya dubi Hodi. In ya yi shiru, ya tsira, a kori Hodi. Malama ta kama hannun Hodi ta nufi mota.

"Malama!" Munzali ya ɗaga murya. "Ni ne. Ni na hau shi."

Baba Tamba ya daɗe yana dubansa.

"A tudu ka hau gora? Ruwa ke tallafe shi, yaro. A ƙasa ko jinjiri ya hau sai ya fashe. Wanga gora ya girmi kakanka."

Malama ta ba Hodi haƙuri gaban kowa. Ta ce za ta kira mahaifin Munzali ya sayo wani.

Tsoho ya girgiza kai. "Uban bai fasa komi ba."

Ya shiga ciki, ya fito da 'ya'yan duma, ya zuba wa Munzali a tafin hannu.

"Kai za ka shuka. Kai za ka kawo."

Da ruwa ya sauka, Munzali ya shuka a bayan gidansu a unguwar Gesse. Awaki suka cinye. Ya sake shukawa, ya kewaye da ƙaya har hannunsa ya yi jini. Abokansa na ƙwallo, shi yana cire ciyawa. Ranar da ya yi ƙorafi, uwarsa ta ce, "Ni na aike ka?"

Da kaka ya samu gora guda mai kyau. Hodi ya taya shi fafewa, suka kai Argungu tare. Bai kai rabin tsohon goran ba, wanda aka ɗinke aka mayar kusurwarsa. Baba Tamba ya ƙwanƙwasa sabon, ya yi murmushi.

"Madalla. Wanga shi yara za su riƙa taɓawa."

Abin da aka ce kada ku taɓa, kada ku taɓa. In kun ɓata, ku faɗa tun ba a kama wani ba. Munzali ya faɗi gaskiya, aka yafe masa. Amma hawa ɗaya da ya yi, damina guda cur ya biya da guminsa.