Ƙafa ta Huɗu

Da la'asar sakaliya muka ɗaure jirginmu a gindin tsohon dandamalin haƙar mai da ke cikin teku. Shekara tara ba kowa a kansa. Gobe za a fara yanke shi a kai gaɓa.

Mijina Ermes mai nutso ne, kawa, naman ruwa mai ƙwanso, yake kankarowa daga ƙafafun ƙarfen dandamalin. Ni ke riƙe masa igiya, kawunsa Olindo na tuƙi. Ƙafa uku ake kankara. Ta huɗu ta masu gidan ce, waɗanda ba a gani, da suka tare bayan ma'aikata sun tashi.

"Yau har ta huɗun zan share," in ji Ermes. "Gobe ma babu ita."

"Kai dai kunnenka ado ne," in ji Kawu.

Ermes ya yi dariya, ya shafi kumatuna da jiƙaƙƙen hannu, ya nutse.

Buhun kawa ɗaya ya hau. Na biyu, na ƙafa ta huɗu, ya fi nauyi, sanyinsa har ƙashi.

Idan yana son a ja shi, ƙarfe yake bugawa sau biyu. Na ji bugu biyu. Na ja. Igiya ta ƙi motsi.

Sai ƙafa ta biyu ta amsa. Ta uku. Ta huɗu.

Ƙamshin kofi ya sauko daga ɗakin girkin da tsatsa ta cinye. A sama wani ya ja kujera.

Kumfar numfashin Ermes ta ragu.

"Kawu, taimake ni!"

Muka ja tare. Igiya ta yanke mini tafin hannu.

Wata murya ta fito daga cikin ƙarfen, a hankali, kamar ta tsohuwa mai mura.

"Ina za mu koma?"

Kumfa ta tsaya.

"Nives, mayar musu," Kawu ya raɗa mini.

Na farke buhun na biyu, na zazzage a ruwa. Ba a saki Ermes ba. Ban san me zan ƙara ba. Na kifa goshina a kan ƙarfen mai sanyi.

"Ku zo wurinmu. Ku dai ba ni shi."

Igiya ta saki.

Ya fito leɓɓansa shuɗi, yana aman ruwa a cinyata.

An yanke dandamalin cikin mako uku. Ermes bai sake nutso ba, ragar kamun kifi yake gyarawa a tashar jiragen ruwa ta garin Ravenna. Bai san abin da na ce ba.

Gadonmu na ƙarfe ne, ƙafarsa huɗu. Kullum da faɗuwar rana ana buga ɗaya sau biyu.

Wajen shara, ba na taɓa wannan kusurwar.