Sakatariyar Baba

Takalmansa ta fara gani. Shekara uku Dogo yana zuwa gidan nan, kullum watsar da su yake a bakin ƙofa, ɗaya gabas ɗaya yamma, sai ita ta sa ƙafa ta haɗa masa. Yau ya jera su tsaf, ya juya bakinsu waje suna kallon hanya.

Auta ta tsaya da tiren shayi a hannu.

"Kin tsaya kallon takalmi, ga mai takalmin nan," ya ce a hankali, yana jingine da bangon barandar.

"Ba ka shiga ba?"

"Ke nake jira, zuciyata." Ya taɓa farar ambulan da ta leƙo daga aljihun rigarsa. "Takardar ta iso. Ranar Alhamis zan tafi. In ban kama aiki Litinin ba, wani za su ba."

"Alhamis ɗin nan?"

"Sau biyu ina ƙin tafiya saboda ke, kin sani. Wannan karon ƙannena huɗu ni suke kallo. Ba na neman komai sai kalma ɗaya daga bakin Baba. Ya dube ki ya san 'yarsa ce, ya ce ya ba ni. Sai in tafi da kwanciyar rai, in dawo in ɗauke ki."

"To shi kuma fa?"

"Yaya ta ce za ta riƙe shi."

Auta ta san yadda riƙon yayar tata ya ƙare wancan karon: kwana biyu Baba bai sa ko ruwa a bakinsa ba, rana ta uku aka tsince shi a titi ba takalmi, yana tambayar mutane hanyar shagonsa.

Shekara arba'in Baba ya yi yana gyaran agogo. Shekara talatin da takwas a ciki, Mama na zaune a hagunsa bisa 'yar kujera, tana rubuta sunan mai agogo a guntuwar takarda, ta ɗaura da zare. Shi ya sa bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Sakatariya. Da ta rasu, sai tunaninsa ya fara yoyo kamar tsohon bokiti. Ya manta hanya, ya manta sunayen jikoki, a ƙarshe ya manta ta mutu. Duk ranar da aka gaya masa, sabon kuka yake yi kamar yanzu aka fita da ita. Sai suka daina gaya masa.

Kuskuren kuwa Auta ce ta yi shi, da hannunta. Wata safiya ya rufe baki ruf ya ƙi magani, wai sai Sakatariya ta zo. Ta yi lallashi har ta gaji. Sai ta buɗe durowa ta ɗauko gilashin Mama mai kaurin nan, ta maƙala, ta zauna a hagunsa, ta ce, "Ga ni, Mai Agogo." Ya yi murmushi ya buɗe baki kamar yaro.

Ta ɗauka na rana ɗaya ne. Yau wata goma sha huɗu ke nan. Takardar digirinta na ƙasan akwati, gilashin na sa mata ciwon kai kullum, kuma rabon da Baba ya kira ta Auta har ta manta.

Dabarar yau ta Yaya ce. Likita ya taɓa cewa tsofaffin labarai kan dawo da irin su Baba hayyacinsu, ko na minti biyar ne. Don haka aka kira Kawu Direba, abokinsa tun suna samari. Za a yi ta hira har Baba ya farfaɗo, sai Dogo ya yi magana. Sharaɗi ɗaya Yaya ta kafa: ban da gilashi.

Yana cikin aljihun siket ɗinta, tana jin sanyinsa a cinya.

Baba na zaune a teburinsa da aka dawo da shi falo, ya maƙala tabaron ido ɗaya, yana buɗe bayan wani mataccen agogo yana rufewa. Ƙananan sukurdirebobi na jere gabansa daga babba zuwa ƙarami. Wannan kam bai taɓa mantawa ba.

"Mai Agogo!" Kawu ya daka masa kira yana miƙe ƙafa. "Ka tuna wanda ka gyara mini, na yi wata guda ina makara wurin aiki?"

Baba bai ɗago ba. "Agogon lafiyarsa ƙalau. Mai shi ne ba ya gyaruwa."

Falon ya kaure da dariya. Kawu ya buga cinya. "Kun ji shi ko? Wallahi bakin nan yana nan yadda na san shi! Tsohon banza!"

"Ni ne tsoho? Kai da ka girme ni da wata bakwai?"

Yaya ta dubi Auta, idanunta na ƙyalli. Ta matso da kujera. "Baba, ka tuna ranar da Auta ta haɗiye ɗan sukurun agogon wani babban mutum? Tana rarrafe lokacin."

"Kai, Yaya, a gaban mutane?" Auta ta rufe fuska da mayafi.

"Wane mutane? Dogo ai gara ya san abin da zai ɗauka. Kwana biyu Baba ya yi yana gadin fo ɗinta da ɗan tsinke, Mama na cewa ka sayi wani mana, shi yana cewa ba a samun irinsa!"

"Ba a samu," in ji Baba da gaske. "Na wanke shi na mayar. Mutumin har ya dawo yana yabon aiki."

Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. Auta ta leƙe shi ta gefen mayafi, ta ji wani abu mai ɗumi ya motsa a ƙirjinta, abin da ta daɗe da binnewa.

Baba ya cire tabaron ya ajiye. Fuskarsa ta yi laushi. "Auta..." ya ce, kamar mai ɗanɗana sunan. "'Yar ƙaramata. Tana ina?"

Ta zame daga kujera ta durƙusa gabansa. "Ga ni, Baba. Ni ce."

Ya daɗe yana kallonta.

"A'a, baiwar Allah," ya ce cikin ladabi. "Tawa ƙarama ce. Kada ku tashe ta, ba ta daɗe da barci ba."

Yaya ta kau da kai. Dogo ya yi saurin miƙo hannu ya nuna agogon da ke tsintsiyar hannunsa. "Baba, ka gane wannan? Kai ka ba ni, zuwana na farko. Na makara da rabin awa, ka cire shi daga cikin gilas ka ɗaura mini, ka ce mai neman 'yarka sai ya san lokaci."

Baba ya dubi agogon, ya kara kunne. "Mai kyau ne. Yana buƙatar mai." Bai dubi fuskar mai hannun ba.

"A hankali dai," Kawu ya ce yana kurɓar shayi. "Ku bar ni da shi, ni na san makullinsa. Mai Agogo, gaya wa yaran nan yadda ka samo Sakatariya."

"Kawu..." Auta ta faɗa ƙasa-ƙasa. Amma Kawu in ya hau labari, birki ba ya kama shi.

"Sau uku ta kawo masa agogon da ba abin da ya same shi! Sau uku! Shi kuma wannan sakaran ya buɗe, ya duba, ya ce lafiya lau, ya miƙa mata. Ni na ja shi gefe na ce kai, ba agogon ne ba lafiya ba, yarinyar ce!"

Baba ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda Auta ta yi shekara ba ta ji ba. "Ja ne zaren hannun agogon. Ta ɗaura masa jan zare."

"Kun gani! Yana dawowa! To ana cikin haka sai ga abokin hamayya. Ma'aikacin jirgin ƙasa, ga kaki, ga takalmi na sheƙi. An yi masa canjin wurin aiki zuwa can wata uwa duniya, ya zo har shago da takardarsa a aljihu, wai zai tafi da ita. Wani zanƙalele, dogo..." Kawu ya waiga yana neman misali, ya nuna da kofin shayi. "Kamar dai wannan yaron, sak!"

Baba ya bi kofin da kallo.

A karo na farko a ranar, ya dubi fuskar Dogo. Ya dubi tsawonsa. Idonsa ya sauka kan farar ambulan da ke leƙe daga aljihu. Dariyar ta bushe a fuskarsa.

"Ka dawo," ya ce.

"Baba, ni ne fa, Dogo..."

"Na san ka fi ni." Muryar ba ta tsoho ba ce, ta saurayi ce mai jin tsoro. "Kana da aiki, kana da takarda. Ni tebur ɗaya gare ni. Amma don Allah... don Allah kada ka tafi da ita."

"Innalillahi," Kawu ya ajiye kofi. "Mai Agogo, wasa nake! Wancan ai ya daɗe da..."

Baba ya juya hagunsa. 'Yar kujerar ba kowa. Ya shafa ta da tafin hannu, ya sake shafawa.

"Ina take? Ta bi shi? Sakatariya!" Ya yunƙura, teburin ya girgiza, sukurdirebobin suka watse a ƙasa. "Jirgin bai tashi ba tukun, ku bar ni in je! Ku sake ni!"

Yaya ta rungume shi ta baya tana kuka. Kawu ya tare ƙofa. Numfashin Baba ya fara sarƙewa, leɓɓansa suka yi fari, yana ta kiran sunan da muryar da ke ƙara disashewa.

Hannun Auta ya shiga aljihu.

"Auta, kada ki sa!" Yaya ta yi ihu. "In kika sa yau, shi ke nan! Zai huce, ki bari ya huce!"

Ta dubi Dogo. Yana tsaye, hannayensa a sake, idanunsa jajur. Bai ce ta sa ba, bai ce kada ta sa ba. Ta ƙare masa kallo, tun daga goshinsa har ɗan tabon da ke haɓarsa, don ta san da zarar gilashin ya hau, komai hazo yake zama.

Ta maƙala shi. Ta zauna a 'yar kujerar.

"Ga ni, Mai Agogo. Wannan ihun fa? Sai ka tara mana jama'a?"

Baba ya tsaya cak. Ya sulale ya zauna, ya cafko hannunta da hannu biyu. "Na ɗauka kin tafi."

"Ina za ni?"

"Za ki bi shi?"

"Sha ruwa tukun."

"A'a. Gaya masa. Da bakinki, ina ji. In ba haka ba gobe ma zai dawo."

Ta ɗaga kai. Ta cikin gilashin Mama ba ta ganin Dogo, sai wata doguwar inuwa a gaban taga. Ta gaya wa kanta ai maganar Mama ce za ta maimaita, wasan kwaikwayo ne kamar na kullum, anjima za ta bi shi baranda su yi dariya.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Ba zan iya bin ka ba. In na tafi, ba mai... ba mai rubuta masa sunaye. Nan ne wurina."

Tun kafin ta kai ƙarshe ta gane ba muryar Mama ce ta fito ba. Kuma ta san Dogo ma ya gane, don duk duniya ba wanda ya san muryarta kamarsa.

"Ka je, Allah ya haɗa ka da wadda ta fi ni," ta ƙarasa, hawaye na taruwa a ƙasan gilashin. "Ka yafe mini... rabin raina."

"Ka ji ko?" Baba ya ce, ba da gadara ba, har da ɗan tausayi. "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Haka abin yake."

Kawu ya durƙusa da ƙyar yana tsince sukurdirebobi, yana jera su ba daidai ba. Yaya ta shige ɗaki, kukanta na fitowa ta bango.

Inuwar ta matso. Auta ta ji ɗan ƙaran maɗauri, ta ji an ajiye wani abu a hankali a kan tebur.

Baba ya maƙala tabaronsa, ya ɗauki agogon, ya kara a kunne. Hankalinsa ya kwanta sarai, kamar ba abin da ya faru.

"Mai kyau ne. Mai kawai yake so. Sakatariya, rubuta sunan mai shi. Ki ce ya dawo ranar Alhamis."

Ta jawo guntuwar takarda da zare. Alƙalamin ya tsaya a hannunta, ya ƙi tafiya. Ta sa yatsa ta ɗan sauke gilashin, ta leƙa ta samansa.

Kofin shayin Dogo na nan cike, ko taɓawa bai yi ba. Labulen ƙofa na ɗan motsi. A bakin ƙofar kuwa, babu takalman.