Ƙararrawar Madugu Ta Ɓace a Salaga

Sufeto Abdul-Wahid na shan koko a caji ofis na Salaga lokacin da Alhaji Sidiku ya shigo, hularsa a karkace.

"Ofisa, an ɗauke ƙararrawar kakanmu."

Kowa a garin ya san ta. Ta tagulla ce, wadda madugun gidansu ke rataya wa jakin gaba zamanin fataucin goro. Baƙi kan biya su gan ta bayan sun zaga tsofaffin rijiyoyi. Alhaji ya yarda ya ba da aronta ga wani baje kolin tarihi a tsohuwar ganuwar Turawa da ke bakin teku a Cape Coast, kuma gobe motar da za ta kai ta za ta tashi.

A ɗakin ajiya na gidan Alhaji, Sufeto ya duba kwaɗon akwatin da ake ajiye ta. Ba a fasa shi ba. Ya shafa murfin, yatsunsa suka yi maiƙo. Ya sansana su.

"Ina makullin yake kwana?"

"Bayan ƙofar ɗakina. 'Yan gida duk sun sani. Sai Faruq, mai zagayawa da baƙi."

Aka kira Faruq, ya rantse jiya da ƙararrawar ta ɓace yana can garin Yendi.

"Direbobin tasha sun ce tun Talata babur ɗinka ke gaban shagon Anisatu mai ɗinki a nan Salaga," in ji Sufeto.

Faruq ya sosa ƙeya. "Zance nake zuwa, Ofisa. Babanta bai sani ba tukuna."

Anisatu ta tabbatar, tana dariya a bayan mayafi. Sufeto ya sallame shi.

Saura Hajiya Damata, yayar Alhaji, mai sayar da man kaɗanya a ƙofar gida. Ƙore biyar na jere a gabanta.

"Mma, yaushe rabonki da ɗakin ajiya?"

"Tun Babbar Sallah, ɗana. Gwiwa ba ta barina."

"To, a ba ni mai, uwargida ta aike ni. Waccan babbar nake so."

"An riga an saya."

"Bari dai in ga kyansa."

Kafin ta hana, ya ɗaga ƙwaryar. Nauyinta ya fi ƙarfin mai. Ya ari ludayinta ya soka a tsakiya, ludayin ya bugi ƙarfe.

Alhaji ya zauna a kan dakali. "Yaya, ke ce?"

Damata ta gyara ɗankwalinta. "Ni ce. Na binne ta cikin mai don kada ta yi ƙara. Sidiku, mutane nawa aka kora daga kasuwar garin nan zuwa waccan ganuwar zamanin cinikin bayi? Wa ya dawo? Shi ne za ka ɗauki abin kakanmu ka bi da shi hanyar, ba ka ko tambaye ni ba."

"Aro ne, Yaya. Za ta dawo."

"Da bakinka ka faɗa mini?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ofisa, na janye ƙara."

"A ofis ake janyewa, Alhaji. Mma, ke ma sai kin zo kin ba da bayani."

Ta miƙe ba gardama, ta rungumi ƙwaryar da kanta. Sufeto ya buɗe mata gaban mota, Alhaji ya shige baya.

A hanya ta ce, "In dole sai ta je, ƙafata ƙafarta. Ni zan kai ta, ni zan dawo da ita."

"Kujerar gaba taki ce," in ji Alhaji.

Suka wuce masallacin Juma'a. Sannan ta juyo wajen Sufeto.

"Ɗana, ka taɓa ganin tekun nan?"

"Na yi aiki a can, Mma."

"To, faɗa mini gaskiya. Wane zane ya kamata in ɗaura?"