Inda Jirgi Yake Rabuwa Biyu

"'Yar kwaɗo!"

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana da wannan sunan, kuma na baro shi a garinmu Tarnów, don haka ban ɗago ba. Na ci gaba da yanka cuku a kan gwiwata, jirgin ƙasa yana ratsa duwatsun kudu da Salzburg.

"Jagoda... don Allah dube ni."

Na duba. Radek ne tsaye a ƙofar tarago yana haki, rigarsa a goge tsaf kamar mai zuwa neman aiki. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na jira ya gama faɗuwarsa, sannan na ce, "Ka tare wa mutane hanya."

Ya zauna a kujerar da ke kallon tawa, kusa da jakar goyona. Ya kai hannu zai gyara mata zama.

"Kar ka taɓa."

Ya janye hannun.

Tare muka tsara wannan tafiya, ni da shi. Za mu zaga tsofaffin birane a jirgin ƙasa, mu dawo a sa ranar aure. Sai wata Lahadi mahaifiyarsa, Pani Halina, ta gayyace ni cin abinci. Na tarar ta zaunar da Kinga, 'yar aminiyarta, a gefen Radek, ni kuma can ƙarshen tebur kusa da ƙofar kicin. Ana tsakiyar shan romon kaza ta ce, "Yarinyar da take yawo da gidanta a baya kamar dodon koɗi, ina za ta iya riƙe gidan wani? Zoben kakarsa ba na shiga tasha-tasha ba ne."

Kinga ta yi dariya a cikin tsumman goge baki.

Na dubi Radek. Radek ya dubi romonsa, ya ƙara cokali.

Shiru ma magana ce. Washegari na goya jakata na tafi ni kaɗai. Na kwana a ɗakunan matafiya da baƙin da ba na jin yarensu, na hau hasumiya a Prague, na ci burodi a bakin kogi a Budapest, ruwa ya yi mini duka a Vienna. Na yi kuka a biranen farko. Daga baya ƙafafuna suka fi zuciyata ciwo, sai na koma kula da su. Samari sun sha yi mini tayin ɗaukar jakar a matakalar tasha, ban taɓa ba kowa ba.

"Wa ya faɗa maka ina cikin wannan jirgin?"

"Ƙanwarki. Sai da na yi mata magiya kamar zan mutu." Ya share gumi. "Tarago-tarago na bi ina leƙawa. Na bar kujerata, Jagoda! Har da akwatina a can!"

Yadda ya faɗe shi sai ka ce teku ya haye. Amma na san Radek: in takarda ta ce ya zauna a nan, to ko gobara ta tashi a nan zai zauna.

"Sannu da jarumta."

"Kar ki yi mini haka, masoyiya. In mun isa Venice zan yi miki bayani duka. Akwai abin da na zo da shi..."

"Venice?"

"E mana. Ba can za ki ba?"

"Mu ga tikitinka."

Ya miƙo. Lambar taragonsa tana can ƙarshen jirgi.

"Wa ya yanka maka?"

Ya sosa ƙeya. "Kinga. Kin san a ofishin tafiye-tafiye take aiki. Ta ce ma aiki ya kai ta Venice, za ta tare ni a tasha ta taya ni nemanki idan ban gan ki a hanya ba. Ta yi kirki fa."

"Ƙwarai kuwa. Akwatin fa, wa ya haɗa maka?"

"Mama."

Na mayar masa da tikitin. Ban ji haushi ba, har na ɗan yaba musu, don aikin ya yi tsafta.

"Radek, wannan jirgin rabuwa yake yi. A tashar da ke gabanmu za a cire taragun baya su nufi Venice. Na gaba kuma Ljubljana za su. Ni a gaba nake zaune."

Ya sake duban tikitin.

"Sun san halinka. Sun ce zai zauna a kujerarsa kamar tulu, har ya farka a hannun Kinga, ga kwale-kwale, ga masu kiɗa. Da kuwa sun yi daidai, saura kaɗan."

"Mama ba za ta..." Bai ƙarasa ba. Na ga lissafin yana shigarsa a hankali.

Jirgin ya rage gudu. Murya ta fito daga lasifika da Jamusanci, tana cewa kowa ya duba taragonsa, za a kulle ƙofar tsakiya.

Radek ya miƙe zumbur. "Akwatina!"

"Je ka. In ka yi sauri za ka isa."

"In ɗauko in dawo?"

"Da wannan cunkoson? Za ka isa dai. Dawowar ce babu."

"Jagoda, zoben yana ciki! Zoben kaka! Mama da hannunta ta ba ni, ta ce in sa wa wadda zan samu a Venice..." Ya tsaya. Ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"To ka gani. Har da adireshi."

"'Yar kwaɗo, me zan yi?"

"Ni ba mamarka ba ce. Ba zan faɗa maka inda za ka zauna ba."

Na juya ga taga. Ina son wannan sakaran. Amma na riga na koyi cin abinci ni kaɗai, kuma na san idan ya bi akwatin nan, zan iya ci gaba da ci.

Jirgin ya tsaya. Mutane suka yi ta turereniya da kayansu, masu yin gaba da masu yin baya. Ya yi taku biyu zuwa ƙofa. Ban juyo ba.

Can na ji ƙarar ƙarfe, taragonmu ya girgiza. Na ga ma'aikaci ya fito daga tsakanin taragu yana kaɗe safar hannu.

Sai wayarsa ta yi ƙara, a bayana, kusa.

"Mama," in ji shi. "A'a, ban zauna a kujerar ba... Ki saurare ni. Akwatin yana hanya, ki ce wa Kinga ta tare shi, akwai kwalaben kokwamba a ciki kar su fashe. Zoben kuma naki ne, ki ba wadda kike so... A'a, Mama, ni nake magana yanzu. Abin da kika faɗa ranar Lahadin nan bai dace ba, ni kuma da na yi shiru na fi ki laifi. Ina tare da Jagoda. Da ita zan dawo gida, in ta yarda. In ba ta yarda ba ma, ba Venice za ni ba."

Ya kashe wayar ya zauna, fuskarsa fara fat. Taragonmu ya fara motsi, na Venice suna nan a baya suna ƙanƙancewa.

"Ko buroshin haƙori ba ni da shi," ya ce.

"Ana sayarwa."

"Safa ma babu."

"Za ka wanke ta ƙafarka a bahon ɗakin matafiya, ka shanya a ƙarfen gado. Kowa haka yake yi."

"Kin yafe mini?"

"Ci cuku."

Na miƙa masa a bakin wuƙa. Ya ci, hawaye yana zubo masa, ni kuma na ci gaba da kallon duwatsu don kar ya ga nawa.

Zoben bai taɓa zuwa hannuna ba. An yi aurenmu ba zoben, Pani Halina ta zo coci da fuska kamar an aiko ta karɓar gawa, amma ta zo. Kinga kuwa na ji ta sha jan akwati a kan gadojin Venice.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da muka sauka a Ljubljana da la'asar, ya tsaya a bakin tarago hannu rabbana, bai san abin da zai yi da hannayensa ba. Matakalar tashar tana gabanmu. Na kwance igiyar ƙugu, na sauke jakar daga kafaɗata.

"Juyo," na ce.

Ya juyo. Na goya masa ita, na ja igiyoyin har ya yi nishi.

"Wayyo! Duwatsu kika zuba a ciki?"

"Gidana ne," na ce. "Riƙe shi da kyau."