Awarwaron Hajiya 'Yardada

Hajiya 'Yardada ta Mandawari ta idar da la'asar a tsohon lambun bakin tafki, ta shafa gefen tabarma, sai ta saka salati. Kwanon dambunta ya yi ƙafa. A cikinsa kuwa ta tura awarwaronta na zinare, ƙulle a hankici, da za ta yi alwala.

Shekarar da soja suka koma bariki ce, aka sake buɗe lambun. Surukinta Alhaji Muttaka, mijin 'yarta Ruqayya, shi ya kwaso gidan kaf a mota, shan iska.

Kafin ɗan sanda Sajan Ɗanladi ya iso, wai har an damƙe Ilu mai kwalekwale, an zabga masa mari. Saura a kai shi ofishin 'yan sanda.

"Kana ina lokacin salla?" in ji Sajan.

"Tsakiyar ruwa, ranka ya daɗe. Taɓa wandona."

Sharkaf yake, tabarma kuwa a bushe.

"Ruqayya, ke fa?"

"Ina sahu, kafaɗata da ta Hajiya."

"Wa ya ga an sa zinare a kwano?"

"Babu."

"To ba zinare aka zo ɗauka ba, dambu ne. Wa bai ci abinci ba?"

Kun dai san suruki ba ya kai loma a gaban surukarsa. Tun hantsi Alhaji ke cewa ya ƙoshi, alhali cikinsa na kuka har bakin ruwa.

Sajan ya matsa kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Alhaji, wanda ya ƙoshi, me zogale ke yi a gemunsa?"

Wayyo, jama'a! Ashe bayan wata bishiyar kuka ya laɓe da kwanon. Sai da ya kai rabi ya ci karo da hankicin, ga ihu ya tashi. Ya fito ya ce me? Yana ji ana marin Ilu, ya cusa hankicin a aljihu, ya saje da mutane.

Alhaji ya zaro awarwaron daga aljihu, ido a ƙasa. Ruqayya ta fashe da kuka. Hajiya ta ja gyale ta rufe fuska, ta fi shi jin kunya.

"Sajan," ta ce daga cikin gyale, "ni na ba shi ajiya. Tsufa ne."

Kowa ya san ƙarya ce, kowa ya gyaɗa kai. Aka saki Ilu. Ya shafa kuncinsa da ya kumbura, ya dubi Alhaji.

"To Alhaji, ni marin nan wa zan mayar wa?"