Rabin Kifin Malam

Ƙarfe tara na safiyar Litinin wani dattijo ya shigo ofishin 'yan sanda yana haki, ya ce an sace masa kifi.

Kofur da ke kan kanta ya kusa tuntsirewa da dariya. Sufeto bai ko murmusa ba.

"Wane irin kifi, Baba?"

"Na dutse. Kuma na san ɓarawon. Ɗana ne."

Dattijon tsohon malamin makaranta ne, kowa Malam yake ce masa. Shekara talatin yana bin ramukan da ake fasa dutse da 'yar gudumarsa, yana tsinto duwatsun da halittun zamanin dā suka daskare a ciki: katantanwa, haƙora, ganye. Wani tantabara yake kiwo, shi kuwa abin da Allah ya ɗora masa ke nan.

Wanda yake zargi autansa ne, makanike ɗan shekara talatin da biyu. Ƙwaya ta taɓa juya masa kai har ya sayar da keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarsa, uban ya kore shi. Wata huɗu ke nan da aka yafe masa ya dawo gida.

Kafin rana ta raba, Auta yana bayan kanta.

Ɗakin Malam ya fi ofishin Sufeto tsari nesa ba kusa ba. Kabad biyu, durowa goma sha shida, kowane dutse kwance a kan auduga, da 'yar takarda a ƙarƙashinsa. A durowa ta uku akwai gurbi mai faɗin tafin hannu biyu, sai audugar kawai.

"Kifi ne cikakke," in ji Malam. "Har ƙayoyin bayansa ana ƙirgawa. Ban taɓa samun kamarsa ba, ba kuma zan ƙara ba."

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

"Asabar da safe, kafin in tafi asibitin ido."

Sufeto ya ɗaga wata katantanwa mai sheƙi kamar zinariya, ya karanta takardarta: lamba, rana, da ramin da aka samo ta.

"Shi kifin ba shi da takarda?"

"Yaya za a yi ba shi da ita? Dutsen da ba a san inda ya fito ba ai tsakuwa ne." Malam ya ɗaga audugar, ya laluba. "An ɗauke ta ita ma."

Sufeto ya mayar da katantanwar gurbinta. Ɓarawon ya tsallake mai ƙyalli, ya ɗauki mai toka-toka, ya kuma tsaya ɗaukar takarda. Abin ya tsaya masa a rai.

Auta ya zauna a ɗakin tambayoyi, baƙin mai har yanzu a faratansa.

"Ina kake ranar Asabar?"

"Gareji."

"Maigidanka ya ce ba ka je ba."

Auta ya hau kankare man da ke faratansa.

"Ƙarya ba za ta fisshe ka ba. Ina kake?"

"Asibitin masu shaye-shaye, yallaɓai. Duk ƙarshen wata nake zuwa a gwada ni. Ban so Baba ya sani ba, kada ya ɗauka na koma ruwa."

"Ina takardar kifin?"

"Wace takarda? Ni duwatsun Baba ko taɓa su ba na yi. Tun muna yara dukan farko da na sha a kansu ne." Ya sunkuyar da kai. "Shi da bakinsa ya ce ni ne?"

Sufeto ya fita ya buga waya. Asibitin sun ce Auta ya bar wajensu ƙarfe goma sha ɗaya, saura awa uku kafin Malam ya dawo daga asibitin ido, babu mai shaidarsa. Malam kuma ya ƙi janye ƙara. Wanda ya taɓa sata, ko akuya ta ɓata a wata unguwa sunansa ake fara kira.

Talata Sufeto ya koma gidan, ya sami babbar 'yar Malam tana shanya.

"Ranar Asabar wa ya shigo gidan nan?"

"Babu kowa."

"Makulli nawa ɗakin yake da shi?"

"Biyu. Ɗaya wajen Baba, ɗaya wajena, don shara."

"To, ko ke, ko wanda kika buɗe wa. Ƙanenki ya kwana a kan siminti, baiwar Allah."

Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa.

"Baba Dakta ne ya zo. Ya ce zai jira Baba a ɗakin, na buɗe masa na tafi dafa shayi. Da na dawo ya ce an kira shi, kada ma in ce ya zo, Baba zai ji haushi bai jira ba. Yallaɓai, mutumin da ya goya mu! Jiya ma ya zo jaje, har da hawaye."

Dakta likitan haƙori ne da ya bar aiki, aminin Malam, abokin yawonsa a ramukan dutse. Ya karɓi Sufeto da fara'a, ya ce rabonsa da ɗakin Malam mako biyu. Da Sufeto ya ce yana son ganin nasa duwatsun, sai Dakta ya miƙe da murna. Masu wannan sha'awa ba su iya ƙin nunawa.

Ya buɗe durowa bayan durowa yana bayani.

"Kana nan ranar da aka sami kifin?"

"Ina nan? Gudumata ce ta tsaga dutsen! Ya rabe biyu, ɓangare ɗaya ƙashin, ɗaya hatiminsa, wato zanen da ya bari a dutsen. Malam ne ya fara hango dutsen, sai ya ɗauki ƙashin, aka bar ni da inuwa."

"In ga inuwar."

"Na ba wani aro."

A can ƙarshen teburin, kusa da buroshi da gilashin ƙara girma, akwai wani dutse mai kauri, toka-toka, babu siffar komai a jikinsa. Amma an shimfiɗa masa sabuwar auduga.

"Wannan fa?"

"Dutsen banza ne. Takardu nake dannewa da shi."

"Dutsen banza ake yi wa shimfiɗa?"

Sufeto ya kai hannu ɗaya kamar zai fizge shi.

"Da hannu biyu!" Dakta ya daka tsawa. "Zai buɗe!"

Sufeto ya sa hannu biyu ya ɗaga saman a hankali. Dutsen ya rabu, ga kifin kwance da ƙayoyinsa, ga hatiminsa a ɗaya ɓangaren. A ƙarƙashi takardu biyu ne, ɗaya da rubutun Malam.

Dakta ya zauna daɓas a kujera.

"Na so in yaga takardarsa. Sau uku ina ɗauka. Hannuna ya ƙi."

"Me ya kai ka?"

"Malam ya ce zai ba gidan tarihi duka duwatsunsa. Shekara ashirin da biyu ina roƙonsa mu haɗa su ko na yini ɗaya ne, yana cewa nawa ne zai goge nasa. In suka tafi shi ke nan."

"Ka san Auta yana tsare?"

"Na ce ai za ku sake shi, tunda ba za ku sami komai a wajensa ba."

"Shi ya sa ka je ka yi wa ubansa kuka."

Sufeto ya sha ganin ɓarayi, amma wannan ya ɓata masa rai fiye da masu fasa shago.

Da yamma aka shigo da Dakta ofis, Kofur na riƙe da hannun rigarsa. A bakin kanta suka yi kiciɓis da Auta, ana miƙa masa bel ɗinsa da takalma.

"Sannu, Baba Dakta," in ji Auta, don bai san komai ba tukuna. Dattijon ya kau da kai, aka wuce da shi ciki.

Malam yana tsaye gefe. Sufeto ya ba shi rabin kifinsa, Malam ya duba ya sa hannu a takarda, ya rungume shi a ƙirji cikin tawul.

"Auta," in ji Malam. "Kuskure aka yi. Zo mu tafi gida."

Auta ya gama ɗaura takalminsa, ya miƙe.

"Da ka tambaye ni, Baba. Ko sau ɗaya."

Ya nufi ƙofa. Malam ya yunƙura zai riƙo shi, amma hannayensa biyu suna ɗauke da dutse, ya tsaya yana waige-waigen inda zai ajiye.

Auta ya juyo ya dube shi.

"Riƙe shi da kyau, Baba, kada ya faɗi."

Ya fita, ya bi hanyar gareji.