Murar da Hadi Ya Kawo Daga Kwaleji

"Ba zai shigo mini gida ba! Na ce ba zai shigo ba!"

Baffa Isyaku ne a ƙofar soro, ya tare hanya da hannu biyu. A waje Yaya Hadi yana kan jaki, kansa a sunkuye, farar rigarsa ta kwaleji ta jiƙe sharkaf da ruwan marka. Mura ce ta ɓarke a makarantarsu, ta kwantar da ɗalibai ɗaki-ɗaki, har shugaban ya sallami kowa. Babbar mota ta sauke shi a Ƙaraye, Sulle mai jaki ya kawo shi Rogo.

"Baffa, ɗanka ne fa..." na ce.

"Koma ciki, Safara'u! Ke ba ki san wannan ciwo ba. Ni na san shi."

Ban taɓa yi wa Baffa musu ba. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ƙanensa, shi ne kuma ya yi murmushi ranar da Yaya Hadi ya ce ni yake so. An sa bikinmu sai bayan kaka.

Yaya Hadi ya ɗago jajayen idanu ya dube ni. "Kar ki yi kuka, ƙanwata. Mura ce kawai..." Tari ya sarƙe shi.

Baffa ya sa a kai shi tsohon gidan kakanninmu da ke hanyar Zoza, Sulle ya riƙa ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Shekara talatin da tara ba wanda ya kwana a gidan nan. Ko awaki ba sa shiga.

Kwana biyu na daure. Ran na uku, da hantsi, Baffa na fita fadar dagaci inda yake aikin rubutu, na dama kunu na lulluɓa na bi ta gonaki.

Ciyawa ta cinye tsakar gidan. Ɗaki ɗaya ne ya rage da jinka, sauran duk sun rufta. Ina sa ƙafa na ji tari daga hagu. Na juya... wani tarin ya amsa daga dama, siriri, kamar na jinjiri. Na leƙa, ba komai sai ƙasa da tafasa.

"Salamu alaikum..."

"Shigo, 'yar nan."

Wata tsohuwa ce zaune a gefen tabarma, 'yar gajera, da baƙin zane na saƙi. Ta ɗora kan Yaya Hadi a cinyarta tana shafawa. Hannunta na hagu akwai cindo. Ɗakin sai ƙamshin citta da kanumfari, amma ban ga wuta ba, ban ga tukunya ba.

"Sannu, Iya. Allah ya saka da alheri. Daga Zoza kike?"

Ba ta dube ni ba. "Isyaku ya dawo," ta ce a hankali. "Na san zai dawo. Kin kawo ruwan?"

"Iya, Hadi ne sunansa..."

"Ruwa na aike shi. Ya daɗe ƙwarai."

Na durƙusa na tallafo Yaya Hadi, jikinsa kamar garwashi. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Safara'u? Hasken idona... me ya kawo ki? Za ki ɗauka!"

"In ɗauka ɗin! In ka tafi, wa ka bar wa ni?"

"Tun shekaranjiya nake jin hannunki a goshina. Sanyi kamar randa."

"Ba ni ba ce, Yaya. Iya ce, ga ta..."

Na waiwaya. Ba kowa. A ƙofa taɓo ne ko'ina, sawuna kaɗai ne a ciki.

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da Baffa ya dawo, yana alwalar azahar. Ya dubi taɓon ƙafata, fuskarsa ta canja.

"Can kika je? Ni kika saɓa wa, Safara'u?"

"Ka dake ni in ka so, Baffa. Amma wace ce tsohuwa mai cindo?"

Butar ta suɓuce daga hannunsa.

"Me... me kika ce?"

"Tana kiransa da sunanka. Ta ce ruwa ta aike ka."

Baffa ya zube a ƙasa. Wannan babban mutum, da ko ranar jana'izar matarsa ban ga hawayensa ba, ya rufe fuska yana shessheƙa.

"Inna Barira ce... mahaifiyata. Shekarar marisuwa, waccan babbar annobar mura, ina ɗan shekara goma sha biyu. Gawar mutum bakwai muka fitar daga gidan nan cikin mako guda. Ta kwanta, ta miƙo mini gora ta ce in ɗebo mata ruwa. Na fito, na ga ubanki yana rarrafe a tsakar gida. Na goya shi, na wuce rijiyar... ban tsaya ba sai Rogo. Tsoro, Safara'u! Tsoro ne. Ban koma ba."

"Baffa, kar ka sake barin wani a ɗakin nan..."

Ya miƙe. Da kansa ya cika tulu ya ɗora a kafaɗa, ko takalmi bai sa ba. Na bi shi a baya.

Da muka shiga gidan shiru ne, ba tari ko ɗaya sai numfashin Yaya Hadi. Baffa ya rungume shi.

"Yafe mini, ɗana!"

"Baba, ka fita, don Allah..."

"Ba inda za ni."

Kwana shida yana jinyarsa, yana dafa masa citta da tsamiya, yana goge masa jiki, ni kuma ina kai abinci. Zazzaɓin Yaya Hadi ya sauka. Ranar da ya fara takawa, ranar Baffa ya fara tari.

Mun roƙe shi a mai da shi Rogo, ya ƙi. Sai ya aika aka kira liman da shaidu, suka tsaya daga zauren da ya rushe, aka ɗaura aurenmu yana kwance yana jin fatiha.

"Hadi, ka koma ka ƙarasa karatunka. Ka riƙe mini ita amana."

"Tare za mu koma gida, Baba."

Baffa ya juya kai. Ƙofa yake kallo, rana tsaka, fuskarsa ta saki kamar ta yaro. Ya ɗan matsa gefe a kan tabarmar.

"Ku ba ta wuri," ya ce. "Ta gaji da tsayuwa."

Yaya Hadi ya damƙe hannuna. Ba mu ga kowa ba, amma muka matsa.

Kafin a kira la'asar Baffa ya cika.